DAJIN YANKARI: GANDUN DA EN'EN BAUCHI TA KEƁE TUN 1957

Da wuya mutumin Bauchi ya yi shekara guda a Ikko ko Badun ko Fatakwal ba a tambaye shi labarin Yankari ba. Da zarar ya ambaci sunan garinsu a ofis ko a tasha, sai wani ya ce ai ya taɓa ganin hoton giwayen wurin a jikin kalanda. Abin kunyar shi ne sau da yawa mai tambayar ya fi ɗan garin sanin wurin. Akwai mutanen da aka haifa a cikin ganuwar Bauchi, suka zo Kurmi suka yi shekara ashirin suna fataucin shanu ko goro, suna iya lissafa tashoshin da ke tsakanin Agege da Jebba da ka, amma ba su taɓa taka Mainamaji ba, alhali kuwa dajin da sunan iyayensu aka keɓe shi.

Wannan ba zaurance ba ne. Lokacin da aka shata iyakar Yankari a 1957, an shata ta ne a matsayin gandun daji na En'en Bauchi, watau hukumar da ke karɓar harajin talakawan ƙasar Bauchi, a zamanin Sarki Adamu Jumba. Tun daga ran nan dajin ke sauya hannu, daga wannan hukuma zuwa waccan, kuma kowace sauyawa tana barin tabo a jikinsa.

HANYA DA GIRMA

Mai niyyar zuwa zai fita daga birnin Bauchi ta hanyar Gombe, ya miƙe gabas har Dindima inda gada ta ƙetare kogin Gongola. Daga nan sai ya saki babbar hanya ya karkata kudu, ya yi wajen kilomita 29 kafin ya isa ƙauyen Mainamaji, inda babbar ƙofar gandun take. Masu zuwa na farko sukan zaci sun iso ke nan. Ina! Daga ƙofa zuwa sansanin Wikki, inda masauki yake, akwai sauran tafiyar kilomita 40 da 'yan kai a cikin daji tsantsa, babu gida babu gona. Jimlar tafiyar daga Bauchi ta haura kilomita 110.

Faɗin gandun murabba'in kilomita 2,244 ne, a cikin Ƙaramar Hukumar Alkaleri, ya taɓa ƙasashen Duguri da Pali da Gwana. Domin mazaunin Ikko ya gane girman, wannan ya kusa kashi biyu cikin uku na Jihar Legas baki ɗaya. Ɗan kurmin da ake kiwo a Lekki tun 1990, inda yaran makaranta ke zuwa kallon birai, hekta 78 ne kacal, bai cika murabba'in kilomita ɗaya ba.

ƘASA MAI SHANYE RUWA

Wanda ya saba da duwatsun Bauchi, irin su Warinje da Zaranda, baƙaƙen duwatsu masu tauri da ruwa ke zamewa a kansu, zai ga bambanci da ya shiga Yankari. Nan ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce mai 'yan tuddai, yawancinta tsakanin mita 200 da 400 bisa teku, wuri mafi tudu kuma bai wuce mita 640 ba. Dutsen da ke ƙarƙashinta na yashi ne, wanda masana ƙasa suka laƙaba wa sunan Kerri-Kerri. Irin wannan dutse kamar soso yake. Ruwan sama na sauka milimita 900 zuwa 1,000 a shekara, daga Mayu zuwa Satumba, amma ba ya zama a sama. Nutsewa yake yi can ƙasa. Shi ya sa da kaka ta wuce, hunturu ya busa, sai tudun dajin ya bushe ƙayau, mutum ya yi yini yana tafiya bai ga abin jiƙa maƙoshi ba.

To, ruwan da ya nutse bai ɓata ba. Yana bin ƙarƙashin dutse har ya sami inda kwari ya yanke tudun, sa'an nan ya ɓulɓulo. Kwarin nan shi ne na kogin Gaji, wanda ya raba gandun biyu, da rassansa Yashi da Yuli. A nan maɓuɓɓugan ruwan ɗumi suke: Wikki da Dimmil da Gwana da Nawulgo. Akwai kuma ta biyar, Tungan Maliki, wadda ita ruwanta mai sanyi ne.

Wikki ce babbarsu, ita ce kuma ta yi suna. Ruwanta na fitowa daga gindin wani jan dutse, garai-garai har ana ganin farin yashin ƙasa, zafinsa digiri 31, dare da rana, rani da damina, ba ya ƙaruwa ba ya raguwa. Da asubar hunturu, lokacin da mutum ke ƙyashin taɓa buta, sai a ga tururi na tashi a kansa. An ƙiyasta tana zubo da lita miliyan 21 kowace rana. 'Yan garuwan da ke tura kura a Idi-Araba da Obalende su yi lissafi da kansu: garwa fiye da miliyan ɗaya ke nan kullum, ba inji, ba famfo, ba a kuma taɓa ɗauke ta don an ɗauke wuta ba. Wannan ruwa Gaji yake shiga, ya gangara kudu ya faɗa Binuwai, ya haɗu da Kwara a Lakwaja, ya wuce ƙarƙashin gadar Anaca ya tafi teku. Ashe mutumin Bauchi da ke zaune a bakin Kwara a Anaca, wani ɗigo na ruwan garinsu na wuce shi kullum bai sani ba.

Duk rayuwar Yankari a kan wannan kwari ta rataya. Da damina dabbobi sukan watsu cikin dajin, ciyawar gamba ta fi mutum tsawo, ba a ganin komai. Da rani kuwa ƙishirwa takan koro su duka zuwa bakin Gaji, inda fadama ke nan kore shar da maɗaci da ɗinya da giginya, alhali a tudu marke da taura da kawo da taramniya sun kaɗe ganye. Wannan taruwa ita ke sa baƙo ya ga giwa da ɓauna da gwanki da kanki da gwambaza da mazo cikin yammaci guda. Ita ce kuma ke sa aikin maharbi ya yi sauƙi, don ya san inda zai yi kwanto. Wanda ya riƙe kwarin Gaji ya riƙe gandun. Wanda ya sake shi, sauran murabba'in kilomita dubu biyun ba za su amfana masa komai ba.

MUTANEN DA

Kuskure ne a ɗauka cewa tun fil azal dajin nan na namun daji ne kaɗai. An yi fiye da shekara ɗari ba a zauna a cikinsa ba, amma alamun mutane na nan birjik. A Shau Shau akwai murhunan narka tama wajen 60 da ke tsaye har yanzu, ga tarin kashin maƙera kewaye da su. Narka tama kuwa gawayi yake ci ba kaɗan ba, saboda haka wurin da ake gani yau kamar gatari bai taɓa shiga ba, ya taɓa shan sara sosai, ya kuma sake tofowa bayan masu saran sun tashi.

A Dukkey akwai rijiyoyi fiye da 130 da aka fafe a jikin dutse, an haɗa su da juna ta ƙarƙashi domin tara ruwa. Duk wanda ya fahimci halin ƙasar, yadda take shanye ruwan sama, zai gane dalilin wannan wahala. Labarin da aka gada ya ce zango ne na fatake, har da masu fataucin bayi. Akwai kuma koguna 59 da aka sassaƙa a gefen dutsen yashi, masu ƙaramar ƙofa zagayayya da ɗaki a ciki, waɗanda aka sa wa sunan wani mai bincike, P. J. Marshall, wanda ya bayyana su a 1980. Ana jin mafaka ce ta lokacin yaƙe-yaƙe da harin bayi. A Tunga Dutse kuma akwai zane-zane a jikin dutse da har yau ba a warware ma'anarsu ba. Abin lura, sunan Bature ne ya zauna a kan kogunan, waɗanda suka sassaƙa su da hannunsu kuwa ko sunan ƙabilarsu ba a rubuta a ƙofar ba.

Bayan mutane sun watse, mai gadin farko da dajin ya samu ba ma'aikacin gwamnati ba ne. Ƙudan tsando ne. Kurmin bakin Gaji cike yake da shi, cizonsa kuma na sa wa shanu sammore. Saboda haka Bafillatani ya riƙa kewaye wurin da garkensa, manomi kuma bai ga amfanin tudun da ba a samun ruwan rijiya sai an sha haƙa ba. Ƙishirwa da tsando su suka ajiye dajin har zuwa lokacin da doka ta zo ta same shi.

DAGA HANNU ZUWA HANNU

Turawa sun ci Bauchi a 1902, shekara 93 bayan Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu, ya kafa birnin a 1809. Cikin dokokin da suka kawo har da ta gandun daji, wadda ta ba En'e ikon keɓe daji ta hana sara da noma a ciki, ta sa malaman daji su tsare. Galibi don itace da katako ake yin haka. Tunanin keɓe daji domin dabbobi kuwa ana danganta shi da Alhaji Muhammadu Ngileruma, mutumin Barno, wanda ya riƙe ministan albarkatun ƙasa a Gwamnatin Jihar Arewa. Ya ga irin wannan gandu a Sudan, ya dawo ya ce Arewa ma ta cancanci nata. A 1956 gwamnati ta amince, aka zaɓi Yankari saboda akwai sauran dabbobi da yawa kuma babu garin da za a tasa. A 1957 aka keɓe shi, ran 1 ga Disamba 1962 kuma aka buɗe shi ga masu kallo, a zamanin Firimiya Sardauna, lokacin ɗan Bauchi Abubakar Tafawa Ɓalewa na Firayim Minista a Ikko.

Daga nan sai sauye-sauye. Da aka rarraba jihohi a 1967, gandun ya faɗa Jihar Arewa Maso Gabas, ana ba da umurninsa daga Maiduguri. A 1976 aka ƙirƙiro Jihar Bauchi, ya dawo gida. A 1991 gwamnatin soja ta Janar Babangida ta kafa Doka mai lamba 36, ta mai da shi gandun ƙasa tare da su Gashaka-Gumti da Tsohuwar Oyo da Kuros Riba, ikonsa ya koma hannun Tarayya. Ya yi shekara 15 a haka. A shekarar 2000 an rubuta baƙi fiye da 20,000 daga ƙasashe sama da 100. Sa'an nan gwamnatin Ahmadu Adamu Mu'azu ta nemi a mayar mata da kayanta, a 2006 kuma aka mayar.

An yi murnar wannan dawowa a Bauchi, da gaskiyar masu murna. Amma fa karɓar gandu daban, riƙonsa daban. An kashe kuɗi masu yawa wajen sabunta masaukin Wikki da hanyoyi, abin da ido ke gani. Abin da ido ba ya gani, watau albashin masu gadin daji da guzurinsu da takalmansu da man motar sintiri, shi ne ya riƙa samun tangarɗa. Baƙo kuwa ba don ɗaki mai sanyi yake tahowa daga Ikko ba. Otal ya fi yawa a can.

ABIN DA YA TAFI

Jerin dabbobin da aka taɓa sani a Yankari amma yanzu babu su abin baƙin ciki ne: raƙumin dawa, da rabbi, da kyarkeci, da maraya, da dari, da barewa. Annobar bushiya da ta ratsa Arewa a 1983, wadda ta talauta Fulani da yawa har wasu daga cikinsu suka gangaro Kurmi neman abin yi, ba ta bar ɓaunar dajin ba. Zaki na nan, amma 'yan ƙalilan. Wani bincike da aka buga a 2014 ya nuna zakunan da suka rage a Afirka ta Yamma duka wajen 400 ne, a Nijeriya kuwa wuri biyu kaɗai aka same su, Kainji da Yankari. Tsuntsaye ne dai har yanzu ke da yawa, iri fiye da 350.

Giwa ita ce ma'aunin kome. A 2006, shekarar da aka mai da gandun, an ƙirga giwaye wajen 350 ta jirgin sama. Cikin shekarun da suka biyo baya farashin haure ya tashi a kasuwannin Asiya, maharba suka shiga da manyan bindigogi, aka riƙa tsintar gawa ba haure. Ƙiyasin da aka yi daga baya ya sauko tsakanin 100 da 150. A nan ne maganar ta shafi mazauna Kurmi kai tsaye. Wani bincike da aka yi a kasuwannin Ikko a 2012 ya ƙirga kayan haure fiye da 14,000 a shimfiɗe a fili, yawancinsu a kasuwar kayan tsaraba ta Lekki, alhali Doka mai lamba 11 ta 1985 ta hana wannan ciniki. Ba duka daga Yankari suka fito ba, da yawa daga ƙetare aka shigo da su. Amma kowa ya san akwai 'yan Arewa cikin masu rumfunan kayan tsaraba, kuma wanda ya sayar da awarwaron haure a bakin teku ba shi da bakin kukan cewa an ƙarar da giwayen garinsu.

A 2014 Gwamnatin Jihar Bauchi ta ƙulla yarjejeniya da wata ƙungiyar kare namun daji ta Amurka mai suna Wildlife Conservation Society domin ta taimaka da tsaro. Abin da aka yi ba wani sihiri ba ne. An biya masu gadi kuɗin sintiri a kan kari, an ba su abinci da kayan aiki da horo, an riƙa rubuta inda kowace ƙungiya ta taka, an kuma kai waɗanda aka kama kotu. An ɗaura wa wasu giwaye na'ura a wuya don a san inda garke yake. Daga 2015 aka yi shekaru a jere ba a sami giwar da aka harbe don haure ba. Wannan ya nuna ɓarnar da aka yi a baya ba ƙaddara ba ce, sakaci ne.

MAƘWABTA

Sai dai akwai ɓangaren da ba a bugawa a kalanda. Yankari ba shi da shinge. A 1957 daji ne ya kewaye daji. Yau gonaki sun zo har kan iyaka ta wajen Mainamaji da Pali da Yelwan Duguri da sauransu. Giwa kuwa ba ta san iyaka ba. Da dawa da masara sun nuna, garke kan fito da dare, kafin gari ya waye abincin shekara na gida guda ya tafi. Manomin da aka yi wa haka, in aka ce masa giwa dukiyar jiha ce, yana da ikon ya tambaya ko shi ba ɗan jihar ba ne. An ɗauki wasu matasan ƙauyukan aikin lura da garke da korar shi da sanar da masu gadi, abin ya rage zafi, amma maganar diyya ga wanda aka cinye wa gona ba ta taɓa zama daram ba.

Makiyaya ma haka. Burtalai sun toshe, makiyaya ta zama gona, allurar sammore kuma ta samu a kowace kasuwa, saboda haka tsando ya daina gadin da yake yi. Da rani ciyawar bakin Gaji ita ce kore kaɗai a yankin, sai a kora shanu ciki da dare. Inda shanu suka shiga, zaki zai kama, inda zaki ya kama kuma akan sa wa mushen guba. Ga masu gawayi, ga masu farautar nama don banda, wanda wani ke ƙarewa a kasuwannin da ke nesa da Bauchi. Masu gadin dajin da kansu, akasarinsu 'ya'yan ƙauyukan nan ne, wasunsu sun rasa rayukansu a hannun maharba.

A ganin masu lura da al'amarin, nan ne mallakar jiha ya kamata ta fi ta Tarayya amfani. Mutumin Pali ba zai iya zuwa Abuja ya kai kuka ba, amma Bauchi tafiyar safiya ce. Gwamna Bala Mohammed, wanda ya hau a 2019, shi kansa haifaffen Duguri ne. Idan wani kaso sananne na kuɗin ƙofa na komawa ga ƙauyukan da ke kan iyaka, a ga rijiya ko aji ko ɗakin magani da aka ce wannan kuɗin giwa ne, da maharbi bai sami mai ɓoye shi ba.

Wasu sababbin abubuwa biyu sun ƙaru a 'yan shekarun nan. Na farko man fetur: a 2019 aka ba da sanarwar samun mai a Kolmani, kan iyakar Bauchi da Gombe, a Nuwamba 2022 kuma Shugaba Buhari ya je ya ƙaddamar da aikin a cikin wannan Ƙaramar Hukuma ta Alkaleri. Mazauna Fatakwal da Warri ba sa bukatar a gaya musu abin da mai ke yi wa ruwa, dajin nan kuwa da ruwan ƙarƙashin ƙasa yake numfashi. Na biyu 'yan bindiga, waɗanda suka kai hare-hare a ƙauyukan Gwana da Duguri a 2025 daga dazuzzukan da ke kan iyakar Filato da Taraba. Dajin da ba a sintiri a cikinsa ba ya zama fanko, wani ne ke shiga ya zauna.

Wanda zai je gida hutu kuma yana son ya kai iyali, lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Fabrairu zuwa Afrilu, sa'ad da ciyawa ta kwanta, dabbobi suka taru a kwari. Ya tambayi halin hanya a Bauchi kafin ya tashi. Motar kallo kan fita da sassafe da kuma la'asar. Mai son ganin raƙumin dawa kuwa sai ya nufi gandun Sumu a Ƙaramar Hukumar Ganjuwa, arewa da birni, inda aka ajiye dabbobin da ƙasar Namibiya ta ba jihar a 2006, har da jakin dawa. A Wikki kuma a kulle ƙofa da taga, kada a bar yaro da abinci a hannu, domin gwaggon birin sansanin ya iya buɗe mota, ya kuma san ledar burodi tun daga nesa.